Mabuɗin Dona Zuleide

Ni nake tuƙa jirgin Fada,
sau biyu a shekara, in kogin Purus ya kawo.
Sauran Lahadi hamsin kuwa
Dona Zuleide ke buga ƙararrawa,
tsohuwar tukunyar gas da muka rataye a reshen mangwaro.
Mabuɗin coci na wuyanta, a igiyar fatsa
da gumi ya mayar baƙa.

Ita ke karanta Linjila da tabarau mai ƙafa ɗaya.
Ita ta tara kuɗin kwano, mudu-mudu na garin rogo,
har rufi ya daina yoyo a kan bagade.
Daren da jaririn Nazaré ke shure-shuren ƙarshe
ita ta ɗebo ruwan kogi a kofin gahawa,
ta yi masa baftisma, ta raɗa masa suna,
kafin carar zakara yaron ya cika.

Sai aka aiko mana sabon Fada, Anselmo,
yaro ne, takalminsa bai san laka ba,
da ƙaton littafi a jakar leda.
Ko ruwa bai sha ba ya hau tambaya:
Wa ya ba da izinin taɓa rufi? Ina rasit?
Wa ya matsar da bagade gefen taga?
Wa ya ce a tsaya inda nake tsayawa?
Ba da faɗa ya yi ba, muryarsa ma rawa take.
Ya ce jirgi ɗaya, matuƙi ɗaya,
ya dube ni don in gaskata shi.
Na dubi ƙasa. Na san mai kwarfe ruwa
sa'ad da matuƙi ke kallon gaba.

Zuleide ba ta ce uffan ba.
Ta zare igiyar ta saman kai, ta miƙa.
Inda ta kwana shekara sha tara
farin layi ya rage a wuyanta.

Rani ya zo, kogi ya janye, yashi ya fito,
jirgi sai an ja shi da kafaɗa.
A watan nan tsoho Teodoro ya rasu,
shi da ya sassaƙa kowane benci da ke ciki.
Muka yi cirko-cirko a bakin ƙofa,
rana na dukan makara.
"Kwaɗo ya ce kar a buɗe," in ji Zuleide,
"bai ce komai kan ƙusoshi ba."
Ni na cire su. Shida ne.
Ɗaya ta yi tsatsa, ta ba ni wuya.

Da ruwa ya dawo, na dawo da Fada.
Ya tarar da ƙyaure na lilo a jikin kwaɗonsa,
kwaɗon a kulle, lafiya lau.
Ya daɗe yana kallo, hannu a aljihu.
Sannan ya shiga, ya sa farar riga.
Wata shida ba mu ɗanɗana gurasar ba,
wannan kam ba mai yi mana sai shi.
Zuleide ce ta fara durƙusawa, ta buɗe tafi.
Da ya ce "Jikin Almasihu,"
ban san hannun wa ya fi rawa ba.

Da la'asar ya ce in kawo guduma.
Shi ya riƙe ƙyauren, ni na buga.
Ya karɓa ya kafa ƙusa ta bakwai da kansa, a karkace,
daga waje, inda yaro ma zai kai,
ya rataye mabuɗin.
Bai ce na wane ne ba. Ita ma ba ta tambaya ba.

A jirgi ya buɗe littafin, ya yi ta rubutu.
Ban iya karatu ba,
ban san abin da Bishof zai ji ba.
Ruwa na shigowa ta tsagar katako,
ya kai idon sawu.
Na tura masa gwangwani da ƙafa.
Ya dube shi, ya dube ni,
ya ajiye biro.